Ku Tambayi Anti: Fim ɗin yarinyar nan da ta hana ƙawarta zuwa bikinta

Jama'a barkanmu da wannan makon. Kun dai san yadda muke yi a filin nan, ku aiko ni kuma in amsa. To wannan karon saƙonni da yawa akan abu ɗaya suka taru, wani fim ɗin barkwanci na Amurka da Netflix ta saki ranar 25 ga Agusta 2023, sunansa You Are So Not Invited to My Bat Mitzvah, wato in za mu faɗe shi da namu bakin, ke kam babu ke a gayyar bikina. Sunan ma kaɗai sai ka tsaya ka ja numfashi a tsakiya.

Ga wanda bai gani ba, labarin wasu 'yan mata biyu ne Yahudawa 'yan shekara 13, Stacy Friedman da Lydia Rodriguez Katz, ƙawaye ne tun suna 'yan mitsi-mitsi, kullum hirarsu ɗaya ce yadda bikin bat mitzvah ɗinsu zai kasance, sai wani yaro Andy Goldfarb ya shiga tsakani komai ya dagule. Wata darakta Sammi Cohen ce ta ja ragamar fim ɗin, kuma daga wani littafin matasa na 2005 aka ciro labarin. Ina gargaɗi tun yanzu, amsoshin nan za su tona ƙarshen fim ɗin, wanda bai kalla ba kar ya zo ya ce Anti ta ɓata masa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Dan Allah ni fa ban gane ba, na ga yarinya ƙarama an sa mata rigar kwalliya ana ɗaga ta sama akan kujera ana rawa, ga kiɗa ga fitilu, na ɗauka aure ake mata sai kuma har fim ya ƙare ban ga ango ba. Wai bikin me suke yi ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Hahaha ƙanwata ango kam babu shi, ki daina nema. Bikin balaga ne a addinance. Kalmar bat da Ibrananci 'ya mace take nufi, in kin lura tana kama da bintu ta Larabci don harsunan biyu 'yan uwan juna ne, na namiji kuma bar ake cewa wato ɗa, ita wannan daga harshen Aramaik ta fito. Mitzvah kuma umarni ne na Ubangiji. To kinga bat mitzvah kenan 'yar da umarni ya hau kanta. A koyarwar Yahudawa yaro in ya cika 13, yarinya kuma 12 a wajen masu riƙo da tsohuwar hanya, daga ranar nan dokokin addini sun hau kansa shi da kansa, kuma su a lissafinsu dokokin nan 613 ne. Azumin ranar Yom Kippur, wato babbar ranar neman gafararsu, ya wajaba a kansa, laifin da ya yi nasa ne, ba a ƙara cewa ai yaro ne. Yawancin majami'un Amurka masu sassauci sun mayar da na matan ma 13 don su zo daidai da maza, shi yasa kika ga 'yan ajin su Stacy maza da mata duk a shekara ɗaya ake ta bikin, yau na wannan gobe na wancan.

Akwai ma wata addu'a ta gargajiya da uba yake yi ranar, yana gode wa Allah da ya sauke masa nauyin alhakin wannan yaron. Ni duk lokacin da na tuna addu'ar nan sai na yi murmushi, don duk wanda ya taɓa rainon ɗan shekara 13 ya san daga ina ta fito.

Amma abin da nake so ki riƙe shi ne rawar nan da kika gani ba ita ce ibadar ba. Ainihin abin da safiyar Asabar ake yinsa a majami'a. Ana kiran yarinyar ta hau gaban jama'a ta karanta wani yanki na Attaura da Ibrananci, kuma ba daga bugaggen littafi ba, daga naɗaɗɗiyar fata da aka rubuta da hannu, kuma wahalar ita ce rubutun cikin fatar nan babu wasali babu alamar inda za a ja murya ko inda za a tsaya, baƙaƙe ne zalla, sai dai ki haddace yadda ake rera shi tun a gida. Ba a ma taɓa rubutun da yatsa, akwai wani ɗan sanda mai siffar hannu a ƙarshensa da ake bin layi da shi, yad suke ce masa. Sun raba Attaura kashi 54 ana karanta kashi ɗaya ko biyu duk mako har shekara ta zagayo, to duk kason da ya faɗo a makon bikinki shi ne naki, ba ke za ki zaɓa ba. Yara kan shafe watanni suna koyo. Bayan karatun kuma sai ta yi ɗan jawabi ta faɗi abin da ta fahimta daga wajen da ta karanta, a wasu majami'un in ta gama sai a riƙa jefa mata alewa don a yi mata fatan rayuwa mai zaƙi.

Ita kuma ɗagawa akan kujera a cikin rawar da suke kira hora ake yinta, ana zagaye ana riƙe da hannun juna, kuma gaskiyarki a bikin aurensu ma haka ake ɗaga ango da amarya, kinga ba laifinki ba ne da kika ruɗe.

Wani abin da zai ba ki mamaki, na maza ya daɗe ana yi amma na mata a Amurka kwanan nan ne. Wadda ake lissafawa ta farko ita ce Judith Kaplan, 'yar wani babban malaminsu Mordecai Kaplan, a birnin New York ranar 18 ga Maris 1922, tana da shekara 12. Ita ma ba a ba ta naɗaɗɗiyar fatar ba, daga bugaggen littafi ta karanta. Matar nan sai da ta sake yin wani bikin a 1992 tana da shekara 82, kin ji rai da buri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uba ne, 'yata shekararta 12 kuma ta dame ni sai ta kalli fim ɗin nan don ƙawayenta sun gani. Ni ban san abin da ke ciki ba kuma bana son in hana ta abu haka kawai ba dalili. Ya dace da ita? Daga wani magidanci.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya raya mana ita. Na ji daɗi da ka ce ba ka son hanawa ba dalili, don haka bari in zayyana maka abin da ke ciki kai ka yanke da kanka. Su can hukumar da ke sa wa finafinai alamar shekaru a Amurka PG-13 ta ba shi, ma'ana suna jan kunnen iyaye cewa akwai abubuwan da ƙila ba su dace da ɗan ƙasa da 13 ba. Kaga 'yarka a bakin layin take.

Babu tsiraici babu zubar da jini na faɗa. Amma akwai sumba tsakanin yara, har sau fiye da ɗaya, ɗaya ma a cikin majami'a a waje mafi tsarki wanda a fim ɗin kansa an nuna babban laifi ne. Akwai baƙar magana da ɗan zagi nan da can, akwai barkwancin da ya shafi jiki irin na yara masu tasowa, akwai kuma wajen da yarinyar ke ɗaga wa ubanta murya suna musayar ihu kamar za su tsaga gidan, wannan na san zai fi komai ɓata maka rai. Sai kuma maganar jinin al'ada wadda ba su ɓoye ta ba ko kaɗan, a kanta ma labarin ya juya: Stacy ta yi tsalle daga saman dutse ta faɗa ruwa don ta burge yaron nan, ta fito lafiya ana ta tafa mata, sai ga audugar matan da ke jikinta ta taso saman ruwa kowa na kallo. Wallahi ni babba da ni sai da na rufe fuska.

Shawarata, ka kalla kai kaɗai tukuna ko mahaifiyarta ta kalla, minti 103 ne kacal. In kun ga za ku bar ta to mahaifiyar ta zauna da ita, don wurin ruwan nan hanya ce mai sauƙi ta buɗe hirar da uwa da 'ya kan daɗe suna kewaye-kewaye ba su yi ba. In kuma kun ga bai yi muku ba shikenan, ka faɗa mata dalilin kai tsaye, 'yar shekara 12 ta fi jure "a'a saboda kaza" akan "a'a kawai".

TAMBAYA: Anti ki raba mana gardama ni da ƙawata. Ni na ce Lydia ce mai laifi, ta san sarai ƙawarta na son yaron nan tun tuni amma ta je ta kula shi, kuma ta yi mata dariya a gaban mutane. Ita kuma ƙawata ta ce Stacy ce muguwa. Mun kusa yin faɗa akan abin nan wallahi. Wa ya fi laifi? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Toh 'yata, kar dai ku ma ku ƙare da hana juna zuwa biki akan fim. Bari mu bi abin a hankali don nan ne naman labarin yake.

Lydia ta yi laifi, ban musa miki ba. Lokacin da kowa ke dariya a bakin ruwan nan mutum ɗaya ce tak bai kamata ta yi ba, kuma ta yi. Dariyar sauran yara iska ce, ta aminiya ita ce ke shiga ƙashi. Sannan ta san zuciyar ƙawarta akan Andy ta kuma je ta kula shi ba tare da ta zo ta faɗa mata da bakinta ba, Stacy da idonta ta gani. Ai bikin farar kaza balbela ba sai an gayyace ta ba, to duk ranar da kika ji an ce wa balbela kar ta zo kin san abin ya kai inda ya kai.

Amma ki duba bambancin laifukan biyu. Na Lydia na rauni ne, dariya ta kuɓuce mata, yaro mai farin jini ya kula ta ta kasa cewa a'a. Na Stacy kuwa zama ta yi ta shirya. Ta ɗauki sirrin jikin ƙawarta wanda ita kaɗai ta sani ta watsa shi a inda 'yan makaranta ke gulma ba tare da sunanta ya fito ba. Ta je gidan kula da tsofaffi wai aikin alheri take yi na bikinta alhali kakar Andy ce a wajen, so take ta riƙa haɗuwa da shi. Sai babban, bidiyon nan. Ita aka ba amanar haɗa bidiyon da za a nuna lokacin da Lydia za ta shigo zauren bikinta, cikin fushi ta zauna ta tattaro duk wani abin kunya da suka taɓa ɗauka suna wasa su biyu ta jera. Eh na sani ba ita ta tura ba, mamanta ce ta tura wa maman Lydia da kyakkyawar niyya ba ta san abin da ke ciki ba, kuma na san da wannan za ki kare ta. To amma wa ya haɗa? In za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Wuƙar da ka wasa ka ajiye a tsakar gida ba ka da bakin cewa ba kai ka yanka ba.

Yahudawa suna da suna na musamman ga irin wannan, lashon hara, wato mugun harshe. Kuma abin da ya sa nake ganin kalmar ta dace da fim ɗin nan shi ne a wajensu ba sai maganar ta zama ƙarya ba, ko gaskiya ce in ka faɗe ta don ka zubar da mutuncin wani ta shiga ciki. Ƙarya ma wani suna daban suke ba ta. Duk abin da ke cikin bidiyon nan ya faru da gaske, ba ƙage ko ɗaya, kuma shi yasa ya yi ciwo.

Ni inda fim ɗin ya saye ni ba wajen laifin ba ne, wajen gyaran ne. Stacy yarinya ce mai yawan hira da Ubangiji a ɗakinta, roƙo take yi ta yi, a ba ta Andy, a ba ta biki na gani na faɗa. Da wani fim ɗin ne da sai ta yi kuka a ɗaki ta ce ta tuba, kiɗa mai taushi ya tashi, a wuce wajen. To a koyarwarsu abin ba ya tafiya haka. A cikin Mishna, tsohon littafin dokokinsu da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, an ce ranar Yom Kippur tana kankare laifin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, amma laifin da ke tsakanin mutum da ɗan uwansa ba ta kankare shi sai ya je ya nemi yardar wanda ya ɓata wa. Babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Kurɗuba ta ƙasar Andalus ya rasu a Masar a 1204, ya ƙara da cewa in an ƙi yafe maka ka sake komawa har sau uku. Kinga kenan ƙafa ake sawa a je, ba saƙon waya ba.

Haka kuwa ta yi. Ranar nata bikin tana tsaye gaban jama'a ta amsa laifinta da bakinta, ta sheƙa da gudu gidan su Lydia ta ba ta haƙuri, sannan ta yi abin da ni a ganina ya fi haƙurin nauyi, shagalin nan da ta shekara da shekaru tana mafarkinsa ta sa aka juya shi ya koma na Lydia, da irin adon da Lydia ta so a nata wanda ya lalace. Ta lalata wa ƙawarta dare ɗaya ta biya ta da nata daren. Kuma ki lura da kason Attaurar da ya faɗo mata, Ki Tisa, wanda a cikinsa ne labarin ɗan maraƙin zinare yake, lokacin da Annabi Musa ya hau dutse ya daɗe mutanensa suka narka 'yan kunnensu suka ƙera abin bauta. Marubutan ba su zaɓi wajen nan da ka ba. Yarinya ta samu abu mai ƙyalli ta sa a gaba ta manta da kowa, ko yaron ne ko fatin ne ke dai zaɓi ɗaya.

Shi kuwa Andy da kuke ta faɗa a kansa, dan Allah ki sake kallo ki faɗa min abu ɗaya mai ma'ana da ya fito daga bakinsa. Gashi ne kawai da ƙwallo. Ga Mateo can gefe yaro mai hankali yana ta kirki ba wanda ya kalle shi sai a ƙarshe. Wannan kam ba sai a Amurka ba.

Hukuncina dai: Lydia ce ta fara, Stacy ce ta fi, kuma Stacy ce ta biya. Abin da ya ɗan rage min shi ne an sauƙaƙa yafiyar, a zahiri yarinyar da aka yi wa irin wannan tonon silili gaban dangi da 'yan aji ba lallai ta sauko cikin 'yan kwanaki ba, wata ma har abada. Amma fim ɗin dariya ne, dole a tashi ana rawa. Ki ce wa ƙawarki ta ci rabin gardamar.

TAMBAYA: Anti wai da gaske mace tana zama limamiyar Yahudawa ko dai don a ba mutane dariya aka sa? Na ga wata tana ta waƙe-waƙe a aji kamar ba malama ba.

AMSA: Da gaske ne ɗan uwa, amma ba a kowane ɓangare ba. Yahudawan Amurka ba tafiyarsu ɗaya ba. Binciken da cibiyar Pew ta yi a 2020 ya nuna sun kai wajen miliyan 7.5, kuma a cikin manyansu kashi 37 cikin ɗari 'yan Reform ne masu sassauci, kashi 17 'yan Conservative na tsaka-tsaki, kashi 9 Orthodox masu riƙo da tsohuwar hanya, sai kusan kashi ɗaya cikin uku da ba su jingina da kowane ɓangare ba. Ɓangarori biyun farko suna naɗa mata, su kuwa Orthodox galibinsu ba sa yi, a majami'unsu ma maza da mata ba sa zama waje ɗaya. To majami'ar cikin fim ɗin kana gani ka san ta masu sassauci ce.

Mace ta farko da aka naɗa rabbai ita ce Regina Jonas a Jamus a 1935, 'yan Nazi suka kashe ta a sansanin Auschwitz a 1944. A Amurka kuma Sally Priesand ce ta farko a 1972. Kuma rabbai asalinsa malami ne mai koyarwa da yanke hukunci, mai jan addu'a da rera ta wani ne daban, shi ne mutumin nan da ka gani da jita.

Ita wadda ta fito a Rabbai Rebecca sunanta Sarah Sherman, 'yar barkwanci ce a shirin Saturday Night Live, to ka san dole ta ƙara gishiri. Ni dai ta burge ni, don duk haukan nan nata in aka zo wajen gaskiya ita ce ke zaunar da Stacy ta faɗa mata abin da ba ta son ji.

TAMBAYA: Ni abin da ya ɗaure min kai makarantarsu. Wani lokacin na gansu a aji ana koya musu addini, wani lokacin kuma kamar wata makarantar daban. Kuma ya aka yi Bayahudiya take da suna Rodriguez? Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, idonki na aiki. A tsarin Amurka akwai makarantar tsakiya tsakanin firamare da babbar sakandare, yawanci aji 6 zuwa 8, yara daga shekara 11 zuwa 14. Makarantun gwamnati a can ba sa koyar da ibadar kowane addini saboda tsarin mulkinsu ya raba gwamnati da addini, shi yasa iyayen da ke son 'ya'yansu su iya Ibrananci suke kai su makarantar majami'a da yamma bayan an tashi ko ranar Lahadi. Ajin Rabbai Rebecca irin wannan ne. Kuma shekarar aji 7 ita ce shekarar bukukuwan nan tunda a nan yawancinsu ke cika 13, kusan duk Asabar akwai na wani, kowa na leƙen na kowa yana auna nasa. Ki haɗa wannan da shekarun da murya ke fashewa, ƙuraje na fitowa a fuska, kowa na neman inda zai zauna a ɗakin cin abinci kar a ganshi shi kaɗai, kinga masu yin fim sun samu gona.

Sunan kuma ba kuskure ba ne. Katz sanannen sunan Yahudawa ne, Rodriguez kuma na masu jin Sifaniyanci, an haɗa mata na gida biyu. Auratayya tsakaninsu da wasu ta yi yawa a can, binciken Pew ɗin nan dai ya ce cikin waɗanda suka yi aure daga 2010 zuwa 2020 wajen kashi 61 cikin ɗari wanda ba Bayahude ba suka aura. Banda haka ma akwai Yahudawa 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka, Ajantina kaɗai tana da su da yawa. In kin duba ajin nasu za ki ga yara kala-kala, da gangan aka yi.

TAMBAYA: Anti an ce Adam Sandler matarsa da 'ya'yansa duk ya zuba a fim ɗin. Wannan ba son kai ba ne?

AMSA: Son kai ne mana, sai dai irin wanda ya yi riba. Shi Adam Sandler, ɗan wasan barkwancin nan na Amurka, shi ne ya fito a baban Stacy. Sunny Sandler ƙaramar 'yarsa ita ce Stacy, babbar Sadie ita ce yayarta Ronnie mai zama gefe tana kallon finafinan ban tsoro a waya ana tsakiyar biki, matarsa Jackie kuma ba matarsa ta fito ba, ita ce maman Lydia. Wadda ta fito a matarsa Idina Menzel ce, sun taɓa fitowa mata da miji a wani fim a 2019. Kamfaninsa Happy Madison na cikin waɗanda suka shirya, a Toronto ta Kanada aka ɗauka a 2022, kuma ita Sunny ba ta daɗe da yin nata bat mitzvah ɗin na gaske ba aka fara aiki.

A can ma an yi ta surutun 'ya'yan gata da ake ba aiki don iyayensu, kuma maganar tana da tushe, yarinya nawa ce ta iya wasa ba ta da uban da zai buɗe mata ƙofa. Amma ni da na kalla ban ga inda yarinyar ta gaza ba, ta yarda a nuna ta a muguwa a nuna ta a abin dariya, ba kowace 'yar gata za ta yarda ba. Shi kuma uban ya ja baya ya bar musu fili, yana yawo da gajeren wando kamar wanda aka taso daga barci. Masu sharhin da suka saba caccakar finafinansa ma wannan yabonsa suka yi.

TAMBAYA: Na ji ana cewa kyautar kuɗin da ake ba yaran sai ta zama 18 ko 36. Me ya sa ba 20 ba?

AMSA: Saboda a Ibrananci kowane harafi yana da lamba. Kalmar hai wadda ke nufin rai ko mai rai harafi biyu ce, het lambarsa 8, yod lambarsa 10, in ka haɗa 18. To sai ya zama al'ada a ba da dala 18 ko ninkinta, 36, 54, 72, 180, kamar kana cewa Allah ya ja kwana. Ba doka ba ce, in ka ba da 20 ba mai mayar maka da canjin dala biyu. 'Yan aji kan tsaya a ƙananan, kakanni da kawunnai su ne ke hawa sama, kuma iyaye da yawa ba sa barin kuɗin a hannun yaron, asusun karatun jami'a ake zubawa, wasu kuma a cire wani kaso a yi sadaka da shi wadda suke kira tzedaka. Kai ma da ka ji kalmar ka san 'yar uwar wace ce.

Wanda ya aiko yana tambayar ko DJ Schmuley, mai sa kiɗa a bukukuwan cikin fim ɗin, mutumin gaske ne da za a iya ɗauka haya, a'a ɗana, ɗan wasa ne Ido Mosseri daga Isra'ila. Sauran saƙonnin da ban taɓo ba sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.